Ƙwaya Biyar a Rami

Ranar Talata, bayan an dawo tara,
fankar ajinmu ta daina ƙara,
Malam Lurwanu ya ɗauki alli ya fara:
"Darasin yau fuska biyu gare shi,
ko a ci ko a faɗi, babu tsakiya."

Bainomiyal, in ji shi.
Sunan ya yi wa bakinmu nauyi, muka sa dariya.

Ya zaro tsohuwar kwandala daga aljihu,
wadda ko mai ƙosai ba ta karɓa,
ya cilla ta sama, ya cafe, ya duba.
"In na jefa sau biyar, ku gaya mini,
mece ce yiwuwar fuska ta fito sau uku,
sauran biyun kuma baya?"

Sagir ya ce, "Sai Allah."
Malam ya ce, "Gaskiyarka,
amma Allah bai hana mu ƙidaya
ba." Ya juya ga allo, ya gina dala,
kowace lamba 'yar biyun da ke samanta:
ɗaya, biyar, goma, goma, biyar, ɗaya.

Hanyoyi talatin da biyu ke nan.
Goma a cikinsu ke kaiwa ga uku.
Na kwafe tsaf, na ja layi a ƙasa,
amma a kaina an shuka dusa,
na koma gida da shi kamar kayan ajiya.

Daren Juma'a ruwa ya sauka a Daura.
Da asuba muna gona, can hanyar Zango,
Baba a gaba da sungumi yana sara,
ni a bayansa, dawa cikin ƙwarya.

"Biyar-biyar," ya ce, bai waiwayo ba.
"Irin bara ne, ƙwaro ya taɓa.
Rabi na da rai, rabi gawa ne,
ido kuwa ba ya raba maka ƙwaya da ƙwaya."

Na tsaya cik, diddigena a bakin rami.
Ashe kwandalar Malam nake ta binnewa!
Kowane rami jifa biyar,
duka biyar su ƙi fitowa:
sau ɗaya cikin talatin da biyu.
Rami ɗari uku da ashirin, goma ne za su yi shiru.
Da uku-uku muka zuba, da arba'in ne.
Na zana masa a ƙasa da tsinke, ina rawar jiki,
kamar ni na gano hanya.

Baba ya duba, ya gyara hula.
"Ni ubana ne ya ce biyar, ban nemi dalili ba.
Amma in ka koma, ka kai wa malaminku tambaya:
in sama ta ɗauke kwana ashirin,
rami nawa lissafinsa zai raya?"

Litinin na kai.
Malam ya daɗe bai ce komai ba.
A lokacin na lura da takalminsa,
akwai jar laka ta gona a gefe, ba ta gama bushewa ba.
"Lissafin nan da sharaɗi," ya ce a hankali,
"kada abin da ya sami wata ya shafi 'yar'uwarta.
Fari kuwa ba ya bin rami-rami.
Sau ɗaya yake jifa,
ta faɗo wa gari gaba ɗaya."

Bayan mako na bi kunya-kunya ina ƙirgawa.
Ba goma ba ne, sha uku ne suka ƙi.
Ban ji haushi ba, sha uku maƙwabcin goma ne.
Na durƙusa na sake zuba musu biyar-biyar,
na take da diddige,
na ɗaga kai gabas.
Wani ɗan gajimare na tsaye saman Zango,
bai fi kwandala ba,
bai nuna fuska ba tukuna, bai nuna baya.